Darasi na Tara: Tabar Wiwi, Motsa Jiki da Murmurewar Tsoka

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ke sa jiki tsami bayan aikin ƙarfi, da yadda tsoka ke murmurewa;
2. bambance sinadarai biyu na cikin wiwi, wato THC da CBD;
3. faɗin abin da wiwi ke yi wa zuciya da huhu da barcin mai motsa jiki;
4. gane cewa jin sauƙi daban, samun sauƙi daban;
5. lissafa bugawar zuciyarsa, da ruwa da furotin ɗin da jikinsa ke buƙata.

1. Inda maganar ta samo asali

A shekarar 2012 mutanen jihohin Kolorado da Washinton na ƙasar Amurka suka kaɗa ƙuri'ar halatta wa manya shan wiwi. Yurugwai ta bi sahu a 2013, Kanada kuma a 2018. Da doka ta ba da dama sai 'yan kasuwa suka shigo. Aka buɗe shaguna, aka fara sayar da wiwi a cikin alewa da abin sha da man shafawa, har aka shiga neman masu saye a inda ba a saba ba, wato a cikin masu gudun dogon zango da masu tseren keke da masu ɗaga ƙarfe. Tallan bai wuce magana biyu ba. Wai idan ka sha kafin atisaye za ka fi jin daɗinsa, idan kuma ka sha bayan atisaye tsamin jiki zai fi saurin sakinka.

A can aka tsara wannan talla, don mutanen can, a ƙarƙashin dokar can. To amma bidiyon da aka ɗauka jiya a Kolorado, yau yana cikin wayar wani matashi mai zuwa gidan ɗaga ƙarfe a Kano ko Maraɗi. Kuma ya zo ya tarar da wata tsohuwar magana da ake ji a bakin wasu leburori da 'yan ƙwallon unguwa: “Ganye ne, yana sa ƙarfi, yana kashe gajiya.” Binciken da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a ƙasar cikin shekara guda. Ke nan da wuya a sami ajin da babu wanda abin ya shafi ɗansa ko ƙanensa ko yaron shagonsa. Matashin da ya ce ya gwada ya ji sauƙi, zagi ba zai ba shi amsa ba. Sai mun san yadda jiki ke aiki.

2. Tsoka da tsaminta

Duk wanda ya taɓa yin huɗar farko ta damina, ko ya sauke motar siminti, ko ya koma fili bayan ya daɗe bai taka leda ba, ya san abin da ke biyo baya. Ranar aikin lafiya lau. Washegari kuwa tsugunno ya zama wahala, ruku'u ma sai da dabara.

Ga dalili. Tsoka siraran zaruruwa ne da suka haɗu wuri ɗaya. Idan ta yi aikin da ya fi wanda ta saba, zaruruwan sukan sami 'yan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani. Sai jiki ya tura jini da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, wurin ya ɗan kumbura, ya riƙa ciwo idan an taɓa ko an motsa. Saukowa daga tudu da sauke ƙarfe a hankali sun fi hawa da ɗagawa jawo wannan ciwo. Idan gyaran ya kammala, zaruruwan sukan fi da kauri da juriya. Saboda haka a lokacin hutu tsoka ke ƙaruwa, atisaye shi ne kawai ke tayar da aikin.

AKWATIN MA'ANA 1
Tsoka: naman jiki mai tsukewa da saki, wanda ke motsa gaɓoɓi.
Tsamin jiki: ciwon tsoka da ke farawa awa 12 zuwa 24 bayan aikin da ba a saba ba. Yakan tsananta tsakanin awa 24 da 72, ya lafa da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai.
Murmurewa: gyaran da jiki ke yi wa tsoka, da mayar da ruwa da kuzarin da aka ƙarar.

Ku riƙe kalmomin nan biyu na cikin akwati: da kansa. Ko an sha wani abu ko ba a sha ba, tsami tafiya zai yi.

Misali na 1
Abokai biyu suka ƙara nauyin ƙarfe ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma. Ranar Lahadi duk su biyun suka tashi da tsami. Ranar Litinin da yamma, wato bayan awa 48, ciwon ya kai maƙura. Na farko ya sha wiwi a daren, ya ji jikinsa ya saki, ya yi barci. Ranar Laraba da yamma, bayan awa 96, ya ji shi sakayau, ya ce ai ganyen ne. Na biyu bai sha komai ba, shi ma ranar Laraba ya koma atisaye. Wane ne ya warkar da na biyun? Amsar wannan tambaya ita ce amsar ta farkon. Na farkon ya sha ne daidai lokacin da ciwon ke shirin sauka, sai ya ba wiwi ladan aikin da jikinsa ya yi.

Akwai ciwon da ba tsami ba ne. Idan bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura sosai, fitsari kuma ya koma launin baƙin shayi, a tafi asibiti a ranar, domin ƙoda na cikin haɗari.

3. Mene ne a cikin wiwi?

Tsiron wiwi yana ɗauke da sinadarai irin nasa fiye da 100, amma biyu ne suka shafe mu.

AKWATIN MA'ANA 2
THC: sinadarin da ke sa maye. Shi ke sauya tunani, ya jajanta ido, ya hanzarta zuciya.
CBD: sinadarin da ba ya sa maye. Shi ake yawan zubawa a man shafawa da ruwan ɗigawa.
Anandamid: sinadarin da jikin mutum ke yi da kansa, wanda ke aiki a wuraren da THC ke kamawa.

A 1964 wasu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka tace THC suka gano siffarsa. Daga nan tambaya ta taso: me ya sa sinadarin wani tsiro yake samun wurin kamawa a ƙwaƙwalwar mutum? A 1992, a ɗakin binciken Mechoulam da ke birnin Ƙudus, aka gano anandamid. Ashe jiki yana da nasa tun asali, kuma da shi yake daidaita jin ciwo da sha'awar abinci da barci da yanayin zuciya.

Nan ne maganar ta haɗu da motsa jiki. Bincike ya nuna cewa idan mutum ya ɗauki lokaci yana gudu ko tuƙa keke, ba a hankali sosai ba kuma ba da ƙarfin tsiya ba, anandamid yakan ƙaru a jininsa. Yana cikin abubuwan da ke kawo nishaɗi da natsuwar da ake ji bayan an yi gumi. Masu talla sukan kafa hujja da wannan, su ce ai wiwi da atisaye hanyarsu ɗaya. Hanyar kam ɗaya ce, sai dai tafiyar ta bambanta. Jiki yana fitar da anandamid kaɗan, a inda ake buƙata, kuma nan da nan yake rushe shi. THC kuwa yakan mamaye ko'ina lokaci ɗaya, ya daɗe, kuma da yake yana narkewa a cikin kitse, jiki yakan ajiye shi. Idan ana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan rage yawan wuraren kamawar don ta kare kanta. Shi ya sa abin da ke bugar da mutum bara, bana ba ya isarsa. Hotunan ƙwaƙwalwar masu sha kullum sun nuna wuraren suna dawowa bayan kamar mako huɗu da dainawa.

4. Zuciya, huhu da daidaiton jiki

Wannan shi ne sashen da likitoci ba sa jayayya a kansa. Mintuna kaɗan bayan an zuƙi wiwi, jijiyoyin jini sukan buɗe, zuciya ta ƙara sauri da bugu 20 zuwa 50 a minti ɗaya, kuma hakan na iya kaiwa awa uku. Idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, ƙarfin jininsa na iya sauka, jiri ya ɗebe shi.

AKWATIN MA'ANA 3
Bugawar hutu: yawan bugun zuciya a minti ɗaya idan mutum yana zaune a natse. Ga yawancin manya tsakanin 60 ne da 100.
Ƙololuwar bugawa: iyakar saurin da zuciya za ta iya. Ana kimanta ta da cire shekarun mutum daga 220.

Yadda ake ƙirgawa: ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasa da babban yatsa. Ƙirga bugun na daƙiƙa 30, sannan ka ninka sau biyu.

Misali na 2
Matashi mai shekara 30: 220 a cire 30, saura 190. Bugawar hutunsa 70 ce. Ratar da zuciyarsa ke da ita don aiki ita ce 190 a cire 70, wato 120. Idan ya sha wiwi ta ƙara masa 30, zai fara atisaye daga 100, ratar ta koma 90.
Magidanci mai shekara 50: 220 a cire 50, saura 170. Bugawar hutunsa 80 ce, ratarsa 90. Idan wiwi ta ƙara masa 40, zai fara daga 120, ratar ta koma 50. Kusan rabi ya tafi tun bai ɗaga ƙafa ba.
Wannan lissafi kimantawa ne, amma ya isa ya nuna inda nauyin ke sauka.

Ga mai lafiyayyar zuciya, yawanci abin yakan tsaya a saurin gajiya. Ga mai ciwon zuciya kuwa maganar ta wuce haka. A 1974 aka gwada wasu masu fama da ciwon ƙirji irin na zuciya a Amurka. Bayan sun sha nadi ɗaya, lokacin da suke iya motsa jiki kafin ciwon ya taso ya ragu da kashi 48 cikin 100. Wani binciken da aka buga a 2001, kan majinyata 3,882 da jijiyar zuciyarsu ta toshe, ya gano cewa haɗarin toshewar yana ninkuwa kusan sau biyar a cikin awar farko bayan shan wiwi. Abin damuwar shi ne mutane da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba, don ba su taɓa gwadawa ba.

Sai hayaƙi. Duk ganyen da aka ƙona yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ke maƙale wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. Wani bincike na 1988 ya nuna cewa nadin wiwi ɗaya yana ƙara wannan guba a jini kusan ninki biyar na abin da karan sigari ɗaya ke ƙarawa, saboda yadda ake ja da zurfi a kuma riƙe hayaƙin a ƙirji. Tsoka mai aiki oksijin take nema. Ga zuciya na sauri, ga jinin da take turawa bai cika ɗaukar kaya ba.

Na uku shi ne daidaiton jiki. THC yana rage saurin ɗaukar mataki, yana ɓata kimanta nisa da lokaci. Ku dubi yadda ake ɗaga ƙarfe a unguwanni da yawa: bututun ƙarfe ne aka zuba wa siminti a gwangwani gefe da gefe, a kwanta a kan benci, nauyin yana saitin maƙogwaro, mai tarewa kuma aboki ne da ke tsaye ta wajen kai. Idan da mai ɗagawa da mai tarewa duk sun sha, jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa.

5. Me masu bincike suka gano a Kolorado?

Da yake doka ta halatta a can, masana a Jami'ar Kolorado da ke garin Bolda sun sami damar tambayar masu sha kai tsaye. A 2019 suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum kusan 600 a jihohin da aka halatta. Kimanin takwas cikin goma suka ce suna haɗa wiwi da motsa jiki. A cikin waɗannan, kashi 78 cikin 100 suka ce tana taimaka musu wajen murmurewa, kashi 70 suka ce tana ƙara musu jin daɗi, amma kashi 38 kacal suka ce tana ƙara musu ƙwazo. Masu talla suna son lambar 78 ɗin nan ƙwarai. Ku lura dai, ba a auna tsokar kowa ba. An tambayi masu sha ne abin da suke ji, su kuma suka faɗa. Mutumin nan na Misali na 1 ma da an tambaye shi, da haka zai ce.

Daga baya masanan suka kawo masu gudu 42 ɗakin gwaji, kowa ya yi minti 30 a kan injin gudu, sau ɗaya ya sha, sau ɗaya bai sha ba. A sakamakon da ya fito a ƙarshen 2023, sun fi jin daɗin gudun idan sun sha. Sai dai waɗanda suka sha mai yawan THC sun ce gudun ya fi ba su wuya, alhali saurin injin bai canza ba. A wani binciken da suka yi kafin wannan, an ga masu gudu suna ƙara kamar daƙiƙa 31 a kowane mil idan sun sha. Taƙaitaccen hukunci shi ne wiwi na iya sa atisaye ya yi wa mai shanta daɗi, amma ba ta ƙara ƙarfi ko sauri ko juriya.

6. Jin sauƙi da samun sauƙi

Adalci ne mu faɗi cewa wiwi tana dusashe jin ciwo. Wani babban rahoton masana kimiyya na Amurka a 2017 ya amince cewa sinadaranta suna rage wa wasu manya ciwo mai daɗewa. Amma ciwon da ya yi watanni daban yake da tsamin kwana uku. Kuma dusashe ciwo bai ɗinke zaren tsoka ba.

Ga ɗan wasa ma, ciwo labari yake kawowa. Shi ke gaya maka cewa gwiwar nan ko kafaɗar nan ba ta shirya ba. Wanda ya sha don kada ya ji, kamar mai babur ne da injinsa ke ƙara, sai ya toshe kunne ya ci gaba da murɗa totur. Haka targaɗen mako ɗaya ke komawa jinyar wata uku.

Barci fa? Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. A farkon sha, THC yana iya sa barci ya zo da wuri, amma yana rage ɓangaren barcin da ake mafarki a cikinsa. Idan aka ɗore, jiki yakan saba, amfanin ya ragu, a wayi gari ba a iya runtsawa sai an sha. Ranar da babu kuwa, sai juye-juye da munanan mafarkai.

Shi kuma CBD, magani ne na gaske a inda aka tabbatar da shi. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin CBD mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Game da tsamin jiki kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, kuma yawancinsu ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Ga kuma matsalar kwalba. A 2017 aka sayi kayan CBD guda 84 ta intanet aka auna. Kusan bakwai cikin goma, abin da ke ciki bai dace da abin da aka rubuta a jiki ba, kuma an sami THC a guda 18. Idan haka ta faru a inda ake sayarwa a fili da takardar shaida, me za a ce da ƙullin da ake miƙawa a lungu, wanda babu mai sanin ƙarfinsa ko abin da aka gauraya masa?

7. Dokar wasa da dokar ƙasa

Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta haramta THC a lokacin gasa. A 2013 ta ɗaga ma'aunin da ake kama mutum da shi daga nanogiram 15 zuwa 150 a kowace mililita ta fitsari, a 2018 kuma ta cire CBD daga jerin haramtattu. THC dai yana nan. Mai sha kullum, ana iya ganin alamarsa a fitsarinsa bayan makonni da dainawa.

A watan Yunin 2021 'yar tseren Amurka Sha'Carri Richardson ta lashe gudun mita 100 a gasar tantance masu zuwa Olamfik, wadda aka yi a jihar Oregon, inda shan wiwi ba laifi ba ne. Gwaji ya nuna THC. Ta ce ta sha ne saboda baƙin cikin rasuwar mahaifiyarta. Aka soke nasarar, aka dakatar da ita wata ɗaya, ba ta je Olamfik ɗin Tokiyo ba. Duk matashin da ke burin buga wa ƙungiya ko ƙasa, ya san wannan labari.

A Nijeriya da Nijar, noman wiwi da sayar da ita da mallakarta laifi ne mai kai mutum gidan yari. A Nijeriya hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kamawa. Jumhurun malamai kuma sun sa ta cikin kayan maye da aka haramta.

8. Abin da ke gyara tsoka

Abu huɗu ne, kuma babu na ɓoyewa a cikinsu: barci na awa bakwai zuwa tara, abinci, ruwa, da hutun kwana ɗaya zuwa biyu kafin a sake wahalar da tsokar da ta yi aiki. Tattaki a hankali da tausa suna rage ciwon kafin ya wuce.

AKWATIN MA'ANA 4
Furotin: sinadarin abinci mai gina jiki. Mai atisaye sosai yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 a rana ga kowane kilo na nauyinsa.

Misali na 3
Matashi mai kilo 60 ya ɗauki giram 1.5. Idan aka ninka 60 da 1.5, an sami giram 90. Ƙwai biyu, kimanin 12. Dafaffen wake kofi biyu, kimanin 26. Gyaɗa giram 50, kimanin 13. Nono kofi ɗaya, kimanin 8. Kifi ko nama giram 100, kimanin 25. Jimla 84. Ragowar zai samu a tuwo ko shinkafa ko burodi. Wanda nama ya yi wa tsada, ƙuli-ƙuli da awara za su cike masa.

Misali na 4
Ɗan ƙwallo ya hau sikeli kafin wasa, kilo 70. Bayan wasa, kilo 69. Kilo ɗayan nan gumi ne. Ana mayar da kamar lita ɗaya da rabi ga kowane kilo da ya tafi, wato ledar fiya wata uku masu rabin lita. Ya sha a hankali cikin 'yan awanni, tare da abinci mai ɗan gishiri.

9. Idan an riga an fara

Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yakan kamu, ya kasa bari. Ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha, lambar takan kai ɗaya cikin shida. Wiwi mai ƙarfin THC, idan ana shanta kullum, tana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda akwai ciwon a danginsa. Wanda ya daina zai iya fuskantar saurin fushi da rashin barci da rashin cin abinci. Abin yakan fi tsanani a makon farko, ya sassauta bayan kamar mako biyu, ko da yake barci kan ɗan ƙara jinkiri. Motsa jiki yana taimakawa a wannan lokaci, don haka kada a hana matashi zuwa fili da sunan horo.

Karanta wannan tattaunawa:

Kawu: Ɗana, zo zauna. An ce kana shan abin nan bayan tirenin.
Saurayi: Kawu, ba don maye ba ne wallahi. Jikina ne ke tsami, idan na sha sai in ji daidai.
Kawu: Na yarda kana jin daidai. Ran da ba ka samu ba, tsamin kwana nawa yake yi?
Saurayi: Uku, ko huɗu.
Kawu: Ran da ka sha fa?
Saurayi: To, kusan haka ne dai.
Kawu: Barci kuma, kana iyawa in ba ka sha ba?
Saurayi: Gaskiya yanzu da ƙyar, Kawu.
Kawu: To wannan shi za mu kai wa likita. Gobe in Allah ya kai mu ni zan raka ka, kuma maganar tsakanina da kai ce.

Ana samun taimako a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Kware da Maiduguri.

Tambayoyin bita

1. Me ke jawo tsamin jiki, kuma yaushe yake tsananta?
2. Faɗi bambanci biyu tsakanin THC da anandamid.
3. Mace mai shekara 40, bugawar hutunta 75 ce. Lissafa ƙololuwar bugawarta da ratar da take da ita.
4. Me ya sa amsar kashi 78 cikin 100 ta binciken 2019 ba ta isa hujjar cewa wiwi na gyara tsoka ba?
5. E ko a'a: WADA ta cire THC daga jerin haramtattu a 2018. Gyara jimlar idan akwai kuskure.
6. Mutum mai kilo 80 yana son giram 1.5 na furotin ga kowane kilo. Giram nawa ke nan a rana? Kawo abinci huɗu na kasuwarku da za su taimaka masa.
7. Ɗan dambe ya rasa kilo 2 a atisaye. Ledar ruwa nawa zai sha?
8. A tattaunawar da ke sama, wace tambaya ce ta sa saurayin ya gane da kansa? Me ya sa kawun bai fara da faɗa ba?

Aikin gida: ƙirga bugawar hutunka da safe kwana uku a jere, ka rubuta a littafinka, ka zo da shi aji mai zuwa. Duk wanda ya ga tasa ta wuce 100 yana zaune a natse, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya yi sauri, ya je asibiti a auna shi, kada ya jira ranar darasi.